Salsalar Gidan Washinton: Nazari a Kan Binciken Henry Waters

Ba wurin da salsala ta fi saurin tsinkewa kamar inda mai ita ya yi ƙaura. Muddin mutum yana zaune a garin ubansa, maƙwabta sun san shi, sun san wanda ya haife shi, kaburburan kakanninsa kuma suna nan a bayan gari. Amma ran da ya ɗauki kayansa ya haye teku, sai ya zama shi ne tushen zuriya a can, a gida kuwa ya zama suna kurum wanda ba a san ƙarshensa ba. Haɗa waɗannan biyu, watau wanda ya ɓace a gida da wanda ya ɓullo a baƙuwar ƙasa, har a tabbatar mutum ɗaya ne, shi ne aiki mafi wuya a ilmin nasaba.

Wannan takarda ta dubi yadda aka yi wannan aiki a kan ɗaya daga cikin gidajen Ingilishi da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17, zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingila, watau gidan Joji Washinton, shugaban Amurka na farko. Abin nazari shi ne ɗan littafin da Henry F. Waters ya fitar a Bostan cikin 1889, mai suna An Examination of the English Ancestry of George Washington. Littafin ba shi da yawa, amma shi ne ya warware matsalar da ta yi kusan shekara ɗari tana gagarar masana. Abin da za a nuna shi ne, ƙarfinsa ya zo daga irin shaidun da marubucin ya zaɓa ya dogara gare su, rauninsa kuwa ya zo daga wuri guda inda ya jingina hukunci a kan kalma ɗaya ba tare da shaida ta biyu ba.

I. Abin da aka sani a Bajiniya

Ta gefen Amurka ba a taɓa yin gardama ba. An haifi Joji a lardin Westmoreland na Bajiniya cikin 1732. Ubansa Augustine ne, wanda ya rasu a 1743. Uban Augustine shi ne Lawrence, wanda ya rasu a 1698. Uban Lawrence kuwa shi ne John Washinton, wanda ya iso Bajiniya wajen 1657 cikin wani jirgin fataucin taba, ya auri Anne, 'yar wani mai gonaki Nathaniel Pope, ya zauna a bakin kogin Potomac har ya rasu a 1677. An kuma san John yana da ƙane mai suna Lawrence wanda shi ma ya biyo shi. Wasiyyoyi da takardun filaye na Bajiniya sun tabbatar da wannan duka. Abin da ba su faɗa ba shi ne wanda ya haifi John da Lawrence, da garin da suka fito.

Shi kansa Joji bai sani ba. Cikin Disamba 1791 Sa Isaac Heard, shugaban ma'aikatar da ke tsaron salsalar manyan gidaje da tamburansu a Landan, ya rubuto masa yana tambaya. Joji ya amsa ran 2 ga Mayu 1792, ya ce wannan batu ne da bai taɓa mai da hankali sosai a kansa ba. Ya jero kakanninsa na Bajiniya, ya kuma ce ya sha ji daga dattawan gidansu cewa daga ɗaya daga cikin lardunan arewacin Ingila suka fito, amma bai tuna ko Lancashire ne, ko Yorkshire, ko wani da ya fi su arewa ba. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan: shekara 135 kacal bayan ƙaura, a gidan masu karatu da rubutu, jikan jika ya rigaya ya rasa sunan uban wanda ya yi ƙaurar.

II. Zaton da ya zama tarihi

Heard ya koma ga littattafan ma'aikatarsa. A cikin jerin manyan gidajen lardin Northampton da aka rubuta a 1618, ya iske gidan Washinton na ƙauyen Sulgrave, ya ga kuma wani Lawrence na wannan gida, wanda ya rasu a 1616, yana da 'ya'ya maza, cikinsu har da John da Lawrence. Sunaye sun yi daidai, tambarin gidan kuma, watau taurari uku bisa layi biyu, shi ne wanda Joji yake amfani da shi. Sai Heard ya zaci waɗannan su ne 'yan'uwan nan biyu da suka haye teku. A matsayin zato ya rubuta shi. Amma da George Baker ya zo rubuta tarihin lardin Northampton a farkon ƙarni na 19, sai ya sa maganar cikin jadawalinsa kamar abin da aka tabbatar, Jared Sparks kuma, wanda ya tattara takardun Joji ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya bi sawunsa. Daga nan kowane marubuci ya riƙa ɗauka daga na gabansa. Babu wanda ya ƙara shaida ko ɗaya. Maimaitawa ce kaɗai ta mai da zato ya zama tarihi.

Wanda ya rushe wannan gini shi ne Kanar Joseph Lemuel Chester, Ba'amurke mazaunin Landan, cikin 1866. Ya bi sawun John da Lawrence na jerin 1618 ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa babu wanda ya bar Ingila a cikinsu. John ya sami lambar girma ta Sa, ya zauna a Thrapston, ya rasu a ƙasarsa. Lawrence ya yi karatu a Oksfod, ya zama limamin coci a Purleigh ta lardin Essex. Ban da wannan, a 1657 sun yi tsufan da ba zai yiwu su zama samarin da suka je Bajiniya suka soma aure da haihuwa ba, takardun Bajiniya kuma ba su taɓa kiran ɗaya Sa ko ɗayan limami ba. Chester ya rasu a 1882 bai gano uban masu ƙaurar ba. Duk da haka aikinsa bai faɗi banza ba, domin wanda ya nuna wa matafiyi cewa hanyar da ya ɗauka ba ta ɓullewa ya rage masa rabin wahala.

Tsakanin nan aka sami masu cike gurbi da ƙaga. Wani Albert Welles ya buga littafi a 1879 inda ya ja salsalar Washinton har zuwa ga Odin, abin bautar mutanen arewacin Turai na da. Ba a ambace shi a nan don ya cancanci a yi masa raddi ba, sai don ya nuna cewa duk inda babban mutum ya rasa asali, ba a rasa mai sayar masa da shi.

III. Hanyar Waters

Waters mutumin Salem ne a jihar Massachusetts. Tun 1883 ƙungiyar masu binciken nasaba ta Bostan ta ɗauki nauyinsa ya zauna a Landan yana karanta tsofaffin wasiyyoyi, yana tsamo duk wadda ta ambaci wani da ke Amurka. Ta haka ne ya gano iyayen John Harvard, wanda aka sa wa jami'ar nan sunansa. Bambancinsa da Heard a bayyane yake. Heard ya soma daga sanannen gida a Ingila, ya nemi inda zai rataya masu ƙaura. Waters ya soma daga masu ƙaurar, ya riƙa komawa baya taki ɗaya ɗaya, bai ɗaga ƙafa ba sai ya ga inda zai sa ta.

Takinsa na farko takardar bashi ce. Cikin 1677 wata kotun gado a Landan ta ba wani Edmund Jones izinin kula da dukiyar Lawrence Washinton, wanda takardar ta ce dā mutumin Luton ne amma ya rasu a Bajiniya. Jones yana bin mamacin bashi. Wannan ce irin shaidar da ake nema, domin a layi ɗaya ta haɗa sunan mutum da garin Ingila da ƙasar da ya mutu. Ta kuma ja hankalin mai bincike daga arewa zuwa kudu, kusa da Landan.

Taki na biyu, a garin Tring, wanda ba shi da nisa da Luton, littafin coci ya nuna an yi wa 'ya'yan wani Lawrence Washinton baftisma: Lawrence a 1635, Elizabeth a 1636, William a 1641. Na uku kuma, wanda ya fi duka nauyi, wasiyyar wani mutumin Tring ce mai suna Andrew Knowling, ta watan Janairu 1650 bisa lissafin yanzu. Knowling ya auri uwar wata mace mai suna Amphillis Washinton, ya bar yawancin dukiyarsa ga ɗanta Lawrence ƙarami, ya kuma ambaci sauran 'ya'yanta da sunayensu: John, William, Elizabeth, Margaret da Martha. To, John na Bajiniya ya ambaci ƙanwarsa Martha cikin wasiyyarsa, ya bar mata kuɗi saboda zuwanta Bajiniya. Ga John, ga Lawrence, ga Martha, uwa ɗaya uba ɗaya, a gari ɗaya, shekarunsu kuma sun dace.

Saura tambaya guda: wane ne mijin Amphillis? Cikin takardun da ke tare da wasiyyar Knowling, Waters ya tsinci wata 'yar guntuwar takarda da Latin, wadda ta nuna cewa a zaman kotun da aka yi kan wannan gado wani Lawrence Washinton mai digiri na biyu ya zauna a matsayin na'ibin alƙali. Irin wannan kotu ta coci ce, malaman coci ne ke zama na'ibai a cikinta. Limami mai wannan suna da wannan digiri a wannan zamani kuwa an san shi: shi ne na Purleigh, wanda Chester ya nuna bai je Amurka ba. Sai Waters ya yanke cewa limamin shi ne uban masu ƙaurar. Watau Heard ya sami gidan daidai, amma ya yi kuskuren tsara guda, ya ɗauki uba da baffa a matsayin 'ya'ya.

Wannan bayani ya kuma ba da dalilin ƙaurar. Limamin ya sami cocin Purleigh a 1633, wuri mai samu. Da yaƙin basasa ya tashi tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, aka tuɓe shi a 1643 a kan yana goyon bayan sarki, aka haɗa masa da zargin yawan zama a gidajen giya. Zargin ya fito ne daga littafin da abokan gabarsa suka buga a wannan shekara, wani littafi kuma na 1714 da aka rubuta don kare limaman da aka kora ya wanke shi. Mai hankali ba zai karɓi ɗaya daga cikinsu ba tare da tuna wanda ya rubuta shi ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne ya ƙare kwanakinsa a wani ɗan ƙaramin coci cikin talauci, aka binne shi a Maldon a farkon 1653, matarsa ta bi shi bayan shekara biyu. 'Ya'yan da suka tashi suka tarar ba gado, ba uba, gwamnatin da ke ci kuma ta abokan gabar gidansu ce, ba abin mamaki ba ne su nemi arziki a bayan teku.

Abin yabo na farko a aikin Waters shi ne irin shaidunsa. Mai bin bashi, da tsoho mai rabon dukiyarsa, da magatakardan kotu, babu wanda ya rubuta abin da ya rubuta don ya ɗaukaka gidan Washinton, babu kuma wanda ya san za a haifi Joji. Shaidar wanda ba shi da riba cikin magana ta fi ta maroƙin gida. Na biyu, Waters ya buga nassin takardun cikin littafinsa, har mai karatu ya iya auna hukuncinsa da kansa, ya kuma iya saɓa masa da hujjar da shi ya ba shi.

IV. Inda hujja ta yi rauni

Duk da haka akwai wurare biyu da ya wajaba a tsaya. Na farko, a 1889 haɗa mijin Amphillis da limamin Purleigh istinbaɗi ne mai ƙarfi, amma bai kai yaƙini ba. Guntuwar takardar ta nuna wani Lawrence mai digiri ya halarci zaman kotu. Ba ta ce shi ne uban yaran ba, ba ta kuma ambaci Purleigh ba. Tsakanin Tring da Purleigh akwai tafiya, ba a kuwa sami takardar ɗaurin auren ba. Masu shakka a lokacin suna da hujjarsu. Abin da ya rufe ƙofar ya zo ne bayan 'yan shekaru, sa'ad da Worthington C. Ford ya fito da wasiyyar Martha ɗin nan, wadda ta yi aure a Bajiniya ta zama Martha Hayward, ta rasu a 1697. A ciki ta ambaci 'yan'uwanta mata biyu a Ingila, Elizabeth da Margaret, ta kira babbar da sunan gidan mijinta, Rumbold. Wata Elizabeth Mewce kuwa, wadda aka tabbatar 'yar'uwar limamin Purleigh ce, ta rigaya ta ambaci wannan Elizabeth cikin wasiyyarta ta 1676 a matsayin 'yar ɗan'uwanta. Da wannan sanadi ya sadu daga gefe biyu. Waters ya yi daidai, amma hujjar da ta tabbatar da shi wani ne ya kawo ta, wasiyyoyin mata biyu ne kuma suka ɗaure abin da jadawalin maza ya kasa ɗaurewa.

Na biyu kuskure ne sosai. Knowling ya ambaci wani William Roades cikin wasiyyarsa da wata kalma wadda a Ingilishin ƙarni na 17 take ɗaukar ma'ana biyu, agola da suruki. Da irin wannan kalma ya kira Amphillis, ita kuwa agolarsa ce. Sai Waters ya ɗauka Roades ma agola ne, watau ɗan'uwan Amphillis, saboda haka sunan gidan ubanta Roades ne. Aka danganta ta da wani wakilin gonakin gidan Verney a Middle Claydon, aka yi shekaru ana cewa limamin ya auri wadda ba tsararsa ba. Binciken ƙarni na 20 ya nuna Amphillis 'yar John Twigden ce, mai filaye a Little Creaton ta lardin Northampton, Roades kuwa mijin 'yar'uwarta ne. A nan Waters ya aikata abin da Heard ya aikata: abu ya yi kama da gaskiya, sai aka wuce ba a nemi shaida ta biyu ba. Hausa ta raba agola da suruki, amma tana da nata tarkon, domin ɗan'uwa, da baba, da ɗa, kowannensu yana ɗaukar dangantaka fiye da ɗaya.

Akwai kuma abin da littafin bai ba hakkinsa ba, watau maganar dattawan gidan Joji cewa daga arewa suka fito. Da yake takardu sun kai Waters kudu, mai karatu zai iya zaton ruwayar baka ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Sunan gidan ya samo asali daga wani ƙauye a lardin Durham inda kakansu ya zauna a ƙarshen ƙarni na 12. Lawrence na farko, ɗan kasuwar ulu wanda ya yi magajin garin Northampton ya kuma sayi Sulgrave a 1539, daga Warton ta Lancashire ya fito. Har wa yau Augustine, uban Joji, ya yi ƙuruciya a Whitehaven ya yi makaranta a Appleby, duk a arewa, domin uwarsa ta sake aure da mutumin can. Ruwayar ta riƙe jiha daidai, abin da ta yi shi ne ta naɗe ƙarni da yawa ta mai da su tsara guda. Haka ruwayar baka ta saba yi.

V. Hukunci

Sakamakon binciken ya wuce hannun masana. A 1914 aka sayi gidan Sulgrave don tunawa da cikar shekara 100 da sulhu tsakanin Ingila da Amurka, aka buɗe shi ga jama'a a 1921. Amma gidan ya soma fita daga hannun zuriyar tun 1610, John mai ƙaura bai gāje shi ba. Zancen da ake yi cewa daga tambarin gidan aka ɗauko tutar Amurka shi ma ba shi da shaida. Tutar birnin Washinton ce, ta 1938, aka ɗauko daga gare shi. Jama'a sun fi son gidan dutse da tambari bisa ga limamin da aka tuɓe da takardar mai bin bashi, alhali kuwa ta wajen waɗannan ne gaskiyar ta ɓullo.

Ga malaman da ke tura ɗalibai tattara tarihin gidajensu da garuruwansu, wannan misali yana da amfani ko da yake na wata ƙasa ne, domin yawancin salsaloli suna da ƙaura a cikinsu, a daidai wurin ƙaurar ne kuma ake samun babban suna daga nesa. Ƙa'idojin da za a ɗauka daga Waters ba baƙi ba ne ga wanda ya san yadda malaman hadisi suke auna sanadi. A soma daga wanda aka sani a koma baya. Kada dacewar suna ta wadatar, musamman a gidan da ake maimaita sunan kaka ga jika. Gidan Washinton ya yi Lawrence a kusan kowace tsara. A nemi takardun da ba don nasaba aka rubuta su ba, irin na rabon gado da ciniki da shari'a. A bi dangin uwa kamar yadda ake bin na uba. Inda aka yi zato kuma a rubuta cewa zato ne, domin mai kwafa na gaba ba zai rubuta ba.

Littafin Waters ya tsufa ta wajen sunan uwar masu ƙaura, bai kamata a karanta shi yau ba tare da gyaran da aka yi masa ba. Amma jigonsa, cewa John da Lawrence na Bajiniya 'ya'yan limamin Purleigh ne, jikokin gidan Sulgrave, ya tsaya tun 1889, duk takardar da aka tono bayansa kuma ƙara masa ƙarfi ta yi.